Sharuɗɗan karatu na NCAA ga 'yan wasan jami'a: me suke aunawa, kuma wa suke tarewa a ƙofa?

Sagir

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan 'yan wasan jami'o'in Amurka ce. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ba ta barin ɗalibi ya buga wa jami'a wasa a shekararsa ta farko sai ya cika wasu sharuɗɗan karatu tun daga sakandare. Wasu na cewa sharuɗɗan nan kariya ce ga yaran, don kada a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta, yaro ya gama shekara huɗu yana gudu a fili ya fita babu digiri. Wasu kuma na cewa tun daga 1983 dokokin sun fi faɗa wa baƙar fata, kuma jarrabawar shiga jami'a ta SAT da aka jingina su da ita ba ta auna basira yadda ake zato. Don Allah wanda ya san abin ya warware mini: mene ne sharuɗɗan a yau, yaya ake lissafinsu, kuma tun da aka cire jarrabawar, maganar launin fata ta mutu ne ko tana nan?

Malam Habu

Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Sai an bi tarihin dokar daki-daki kafin a gane gardamar.

A 1965 NCAA ta kafa dokar 1.6, wato sai an yi hasashen ɗalibi zai iya samun aƙalla 1.6 cikin maki 4 a jami'a. A 1973 aka soke ta, aka ce ya isa yaro ya gama sakandare da matsakaicin maki 2.0 a kowane irin darasi. Shekaru goma da suka biyo baya ne suka cika da abin kunya, har shugabannin jami'o'i suka tashi tsaye. A Janairun 1983, a taron San Diego, aka zartar da Ƙudiri na 48, ya fara aiki a 1986: maki 2.0 a darussan tushe 11, wato manyan darussa irin su Turanci da lissafi da kimiyya, da kuma 700 a SAT ko 15 a ACT, wata jarrabawar shiga jami'a. Shugabannin jami'o'in baƙar fata na tarihi, irin su Jesse Stone na Southern da Joseph Johnson na Grambling, sun yi fatali da shi tun a zauren taron. Ƙorafinsu biyu ne: an tsara dokar ba tare da an zauna da su ba, kuma an san sarai cewa layin 700 zai fi yanke ɗalibansu.

A 1989 aka ƙara ɗaure igiyar da Ƙudiri na 42. Kafin shi, wanda ya cika rabin sharaɗi yana iya karɓar tallafin karatu na wasa, ya zauna shekara guda bai buga ba. Ƙudiri na 42 ya hana shi tallafin ma. Ga ɗan talaka wannan daidai yake da rufe masa jami'a ɗungurungum. Shi ya sa John Thompson, kocin ƙwallon kwando na Georgetown, ya fice daga fili ranar 14 ga Janairu, 1989, kafin a fara wasa da Boston College, kuma bai halarci wasan da ya biyo baya ba. John Chaney na Temple shi ma ya yi ta caccakar dokar. A 1990 aka sassauta, aka yarda a ba irin wannan ɗalibi tallafin jami'a na mabuƙata, wanda ba daga asusun wasanni ya fito ba.

Sai Ƙudiri na 16, wanda aka amince da shi a 1992 ya kankama sosai a 1996. Darussan tushe suka koma 13, aka kawo sikeli mai hawa da sauka: mai maki 2.5 yana buƙatar 820 a SAT, mai 2.0 yana buƙatar 1010, a sabon lissafin SAT na bayan 1995. Amma ƙasa da 820 babu hanya, ko da makinka na aji ya kai ƙololuwa. Nan ne ainihin aibin yake. Takardar da NCAA ta fitar da kanta a 1998 ta nuna cewa cikin baƙar fata da jami'o'in Rukuni na 1, wato rukunin manyan gasanni na NCAA, ke zawarci, kashi 26.6 cikin ɗari ba su cika sharaɗin ba a 1996, kashi 21.4 a 1997. Na farar fata kuwa kashi 6.4 ne da 4.2.

Da wannan takarda aka yi shari'ar Cureton. Manyan masu ƙarar ɗalibai biyu ne baƙar fata daga sakandaren Simon Gratz ta Filadelfiya, waɗanda suka gama da sakamako mai kyau a ajinsu amma SAT ta kāsa su. A Maris 1999 alƙali Ronald Buckwalter ya ce layin 820 ya saɓa wa Sashe na 6 na dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wanda ya hana wariyar launin fata a shirye-shiryen da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, domin NCAA ta kāsa nuna dalilin zaɓen wannan adadi musamman. A Disamba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, amma a lura da dalilinta: ta ce NCAA ba ta cikin masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta hanyar da dokar za ta hau kanta. Ba ta ce layin 820 daidai ne ba. A 2001 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Sandoval, ta ce mutum ba zai iya kai ƙara a ƙarƙashin wannan sashe don kawai doka ta fi cutar da wani jinsi ba, sai ya tabbatar da gangan aka yi.

Duk da ta tsira a kotu, NCAA ta cire layin a 2003. Aka miƙe sikelin har ƙasa, ta yadda mai maki 3.55 zai cancanta da 400 a SAT, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake samu. A 2020 aka dakatar da jarrabawar saboda korona, a Janairun 2023 aka soke ta kwata-kwata a Rukuni na 1 da na 2.

Ra'ayina shi ne layin yanka na jarrabawa kuskure ne tun farko. Tsakanin 810 da 820 tambaya ɗaya ce ko biyu, kuma mutum ɗaya zai iya samun bambancin da ya fi haka idan ya zauna jarrabawar sau biyu. Masu shirya SAT da kansu sun yi gargaɗin kada a yi amfani da ita haka.

Hajiya Rabi

Malam Habu ya gama da tarihi, bari in kawo abin da ake aiki da shi yanzu, domin a nan ne yara ke faɗuwa ba tare da sun sani ba.

Rukuni na 1 yana son darussan tushe 16 cikin shekara huɗu na sakandare: Turanci 4, lissafi 3 daga aljebra ta ɗaya zuwa sama, kimiyya 2 wanda ɗaya na ɗakin gwaji ne idan makarantar tana da shi, ƙarin 1 daga cikin waɗannan ukun, ilimin zamantakewa 2, sai ƙarin 4 daga kowannensu ko harshen waje ko falsafa ko nazarin addinai. Tun 2016 makin da ake buƙata a waɗannan 16 shi ne 2.3. Wanda ya samu tsakanin 2.0 da ƙasa da 2.3 yana iya karɓar tallafi ya yi atisaye, amma ba zai buga gasa a shekarar farko ba. Rukuni na 2 shi ma 16 ne, da maki 2.2. Rukuni na 3 ba ya ba da tallafin wasa, kowace jami'a ita ke yanke nata sharaɗin.

Lissafin kuwa haka yake: A maki 4, B 3, C 2, D 1, kuma ba a kula da alamar ƙari ko ragi da ke gefen harafin. Don a kai 2.3 a darussa 16 ana buƙatar jimillar 37. Wato C goma sha ɗaya da B biyar sun isa daidai. Wanda ya tara C zalla yana da 32, wato 2.0, bai kai ba. Kowace D guda sai an samu ƙarin B guda a biya ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duba makin da ke kan takardar sakamakon makaranta. Wannan ya haɗa da motsa jiki da kiɗa da zane da koyon sana'a, waɗanda NCAA ba ta ƙirgawa. Yaro zai ga 2.8 a takardarsa hankalinsa ya kwanta, alhali a darussan tushe 2.1 yake da shi. Na biyu, kowace sakandare tana da jerin darussan da Cibiyar Tantance Cancanta ta NCAA ta amince da su. Idan makaranta ta sauya sunan darasi ba ta sabunta jerin ba, ko ta sa yaro a ajin lissafi na ƙasa da aljebra, shekarar ta tafi a banza. Haka darussan intanet na cike giɓi, waɗanda ake gamawa cikin 'yan kwanaki babu malami mai bibiya: galibinsu ba a karɓa.

Na uku shi ne dokar 10 da 7, kuma ita ce ta fi zafi. Dole a gama 10 daga cikin 16 kafin a shiga zangon karatu na bakwai, wato kafin shekarar ƙarshe, kuma 7 daga cikin goman su zama Turanci ko lissafi ko kimiyya. Da zarar an shiga shekarar ƙarshe, makin waɗannan goman ya kulle, ba a maimaita su don a ɗaga shi. Ma'ana yaron da ya yi sakaci yana ɗan shekara 14 ko 15, tun kafin wani koci ya san da shi, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Bayan kammala sakandare kuma darasin tushe guda ɗaya tak aka yarda a ƙara, shi ma sai ga wanda ya gama a kan lokaci.

To a nan amsar tambayarka ta ƙarshe take, Malam Sagir. Maganar launin fata tana nan, ta dai koma cikin darussan tushe. Babban kaso na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga harajin gidaje da filayen gundumar yake fitowa, unguwar da gidajenta ba su da daraja makarantarta ma haka take. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta tarayya sun sha nuna cewa makarantun da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa a cikinsu ba su cika samun manyan darussan lissafi da fiziks kamar sauran ba. Ga ƙarancin jami'an ba da shawara: mutum ɗaya da ɗalibai ɗari-ɗari, ina zai samu sukunin bin jerin NCAA darasi bayan darasi? Abin da dokar ke aunawa a ƙofa, mafi yawansa makarantar da yaro ya fito ce.

Ɗanladi

Hajiya, na yarda da lissafinki, amma ina jin tsoron kada a karanta zaren nan a ɗauka duk wani sharaɗi zalunci ne. A tuna abin da ya haifar da Ƙudiri na 48. Kevin Ross ya yi shekara huɗu yana buga wa Creighton ƙwallon kwando, a 1982 ya koma makarantar Marva Collins a Chicago yana zaune da yara ƙanana yana koyon karatu. Dexter Manley ya yi shekara huɗu a Oklahoma State, ya zama tauraro a NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, a 1989 ya tsaya gaban kwamitin majalisar dattawa ya faɗi cewa duk tsawon lokacin nan bai iya karatu ba. Duka biyun baƙar fata ne, kuma rashin sharaɗi ne ya ba jami'o'i damar yi musu haka.

Ba kuma duk baƙar fata ne suka ƙi dokar ba. Harry Edwards, masanin zamantakewa na Berkeley wanda ya jagoranci gwagwarmayar 'yan wasa baƙar fata a shekarun 1960, ya goyi bayan Ƙudiri na 48, har yana ganin an sa shi ƙasa da yadda ya kamata. Arthur Ashe ma ya tsaya a kan ɗaga sharaɗi. Hujjarsu ita ce duk wanda ya ce yaro baƙar fata ba zai iya kai 700 cikin 1600 ba, ya raina shi, kuma ya sauke wa sakandare da iyaye da kociyoyi nauyin da ke kansu.

Cire jarrabawa ma yana da nasa haɗarin. SAT da duk aibinta ita kaɗai ce ma'aunin da ba ya hannun makarantar yaron. Yanzu komai ya rataya a kan makin da malami ya rubuta, malamin da shugaban makaranta da koci da iyaye ke kallonsa. Tun bayan 2003 aka ga makarantun bogi da ke sayar da sakamako ga 'yan wasa, har sai da NCAA ta fara binciken makarantu ɗaya bayan ɗaya. Ni da za a bi tawa, a riƙa gwada karatu da rubutun kowane ɗan wasa idan ya iso jami'a, ba don a kore shi ba, don a san irin taimakon da yake buƙata.

Sagir

Na gode ƙwarai. Amma akwai abin da ya rage mini. Bambancin makin SAT tsakanin jinsuna gaskiya ne ko? Idan gaskiya ne me ke jawo shi? Sannan bayan yaro ya shiga jami'a, akwai wani sharaɗi kuma?

Dakta Yakubu

Bambancin matsakaicin maki gaskiya ne, an daɗe ana ganinsa. Amma matsakaici na rukuni ba ya gaya maka komai game da yaro guda da ke gabanka, kuma makin SAT yana hawa tare da kuɗin shigar iyaye da zurfin karatunsu mataki-mataki, a cikin kowane jinsi. Jarrabawa ce ta abin da aka koya maka: kalmomin da ka saba karantawa, aljebrar da aka yi maka, sau nawa ka iya biyan kuɗin sake zama. Carl Brigham na Princeton, wanda ya tsara SAT ta farko a 1926, ya taɓa rubuta cewa wasu jinsuna sun fi wasu basira ta haihuwa, a 1930 ya fito ya janye maganar, ya ce hujjojinsa ba su tsaya ba. Binciken NCAA kuma ya nuna makin darussan tushe ya fi jarrabawa hasashen wanda zai yi nasara a jami'a, haɗa su biyun ya ɗan ƙara daidaito. Wannan ya isa dalilin sikeli, bai isa dalilin layin yanka ba.

Bayan shiga kuwa, sharuɗɗan sun fi na ƙofa tsauri. Ɗan wasan Rukuni na 1 yana da shekara biyar ya buga kaka huɗu. Dole ya ci kiredit 6, wato awannin darasi da ake ƙirgawa wajen digiri, kowane zango, 18 a shekarar karatu, 24 kafin shekara ta biyu. Ɗan ƙwallon ƙafar Amurka sai ya ci 9 a zangon da ake gasa. Sannan ga dokar 40, 60, 80: kashi 40 na digirinsa kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. A digiri mai kiredit 120 wannan shi ne 48, 72, 96. Darussan share fage na wanda ya zo da rauni ba sa shiga wannan kason, kuma idan ya sauya fanni, duk kiredit ɗin da sabon fannin bai karɓa ba ya zube. Sakamakon haka masu ba da shawara na sashen wasanni sukan tura yara fannin da ya fi sauƙin cika kaso kuma bai ci karo da lokacin atisaye ba. Shi ya sa za ka tarar da rabin ƙungiya a fanni ɗaya ko biyu. Yaron da ke son injiniya ko aikin jinya, masu awannin ɗakin gwaji da rana, shi ne ya fi asara.

Sai ma'aunin APR da aka kawo a 2004, wanda ke hukunta ƙungiya gaba ɗaya. Kowane ɗan wasa mai tallafi yana kawo maki 2 a zango: ɗaya don ya ci gaba da cancanta, ɗaya don ya ci gaba da zama a jami'ar. A raba abin da aka samu da abin da za a iya samu, a ninka da 1000. Matsakaicin shekara huɗu ƙasa da 930 yana jawo hana shiga gasar ƙarshen kaka. Ɗauki ƙungiyar kwando mai 'yan wasa 13: maki 52 a shekara. In ta rasa 3 tana da 942, in ta rasa 4 ta faɗo 923. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai 85 in ta rasa 4 cikin 340 tana da 988. Yara biyu da suka fāɗi suka bar makaranta sun isa su nutsar da makin ƙaramar ƙungiya na wannan shekarar.

An taɓa hana babbar jami'a, Connecticut a kwandon maza a 2013, amma mafi yawan hukuncin ya sauka ne a kan jami'o'in baƙar fata na tarihi da sauran masu ƙaramin ƙarfi. Dalilin a fili yake. Aikinsu tun asali shi ne karɓar ɗaliban da sakandare ba ta shirya su sosai ba, ga shi ba su da kuɗin ɗaukar malaman bita da yawa ko biya wa 'yan wasa karatun bazara, wanda da shi manyan jami'o'i ke cike giɓin kiredit. Yaransu kuma sukan bar karatu don larurar gida, kowane ɗaya ya tafi da maki.

Malam Ɗanladi, maganarka ta cin moriya gaskiya ce, sai dai sharaɗi ma bai kashe ta ba. Rahoton Kenneth Wainstein na 2014 ya gano cewa a jami'ar North Carolina ta Chapel Hill, daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai kusan 3,100 sun yi darussan da babu aji babu lacca, takarda ɗaya ake miƙawa a samu maki mai kyau, kuma kusan rabinsu 'yan wasa ne. A sashen nazarin Afirka da baƙar fatan Amurka aka yi wannan, abin da ya ƙara wa lamarin ciwo. A 2017 NCAA ta ce ba za ta iya hukunta jami'ar ba, saboda ɗaliban da ba 'yan wasa ba su ma sun shiga darussan, kuma ingancin darasi hurumin jami'a ne. Duk waɗannan yaran a takarda sun cika kowane sharaɗi.

Hajiya Rabi

Ƙari kaɗan ga wanda bai cancanta ba kwata-kwata, don kada a ɗauka hanya ta ƙare. Yana iya shiga kwalejin shekara biyu ya buga wasa a can. Don ya koma Rukuni na 1 ya buga nan take, sai ya kammala ya karɓi shaidar kwalejin, ya yi aƙalla zango uku a matsayin cikakken ɗalibi, ya tara kiredit 48 da jami'ar da zai koma za ta karɓa, cikinsu da Turanci da lissafi da kimiyya, da maki 2.5. A kula da abu biyu. Agogon shekara biyar yana fara bugawa ne daga ranar da ya yi rajistar cikakken ɗalibi a kwalejin, kuma kakannin da ya buga a can ana cire su daga huɗun. Na biyu, yana isa jami'a a shekara ta uku dokar kashi 40 ta hau kansa, don haka tun zangon farko a kwaleji ya kamata a ɗauki jerin darussansa a gwada da fannin da yake nufin karantawa a jami'ar, a tabbatar kowanne zai shiga lissafin digirin, ba karɓa kawai za a yi a ajiye shi gefe ba.